Kiɗa a Wasannin Zelda: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini da Amsoshinsu

Ina da ɗan gidan gem a Tudun Wada, nan Gusau. Talabijin huɗu ne a ciki. Uku ƙwallo ake bugawa a kansu tun hantsi har dare. Ta huɗun tsohuwa ce mai ƙeya, na ware ta a lungu don tsofaffin na'urorin gem biyu, Nintendo 64 da GameCube, kuma duk wanda zai zauna gabanta sharaɗi ɗaya nake gindaya masa: ba a kashe murya. Yara sun saba buga gem suna sauraron wani abu daban a waya, don haka sharaɗin yana ba su mamaki, daga mamaki kuma sai tambaya. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Wai mene ne Zelda ɗin nan, kuma me ya haɗa shi da kiɗa?

Jerin wasanni ne na kamfanin Nintendo na Japan. Na farko, The Legend of Zelda, ya fito a 1986, Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka ne suka jagoranci aikinsa. Yaron da kake tuƙawa sunansa Link. Zelda kuwa sunan gimbiya ce, 'yar sarkin ƙasar Hyrule. Wasa ne na yawo da yaƙi da warware kacici-kacici.

Tun a na farkon akwai 'yar sarewa cikin kayan Link. Ka busa ta a fili, guguwa ta zo ta sure ka zuwa ƙofar wani kogon dodanni da ka riga ka gama da shi. Ka busa ta a bakin wani tafki, ruwa ya janye, matakala ta bayyana. Akwai ma dodon da takobi ba ya cinsa sai ya ji busa ya ƙanƙance. A bugun Japan, fad na biyu, wato abin da ake riƙewa a hannu ana danna wasa, yana da makirfo a jikinsa, kuma akwai wasu dodanni masu manyan kunnuwa da ake kashewa da ihu kawai. Ka ga tun ranar farko sauti kayan aiki ne a hannun ɗan wasa, layi ɗaya da takobi da baka.

Wa ya tsara waɗannan kaɗe-kaɗe?

Sunan da ya kamata ka riƙe shi ne Koji Kondo. An haife shi a 1961, ya shiga Nintendo a 1984, kuma shi ya yi kiɗan Super Mario Bros. na 1985 da kowa ya sani ko bai san sunan mai shi ba.

Na'urar lokacin muryoyi kaɗan take iya fitarwa a tare: biyu masu zaƙi, ɗaya mai kauri, ɗaya mai shuuu da ake yin ganga da ita, sai wata ta guntun sautin da aka naɗa. Da wannan ɗan jari ya yi kiɗan da mutum zai ji sau ɗari a zama ɗaya bai ƙosa ba. Akwai labarin da nake so game da kiɗan buɗe wasan farko. Da farko sun yi niyyar amfani da Boléro, aikin Maurice Ravel ɗan Faransa. Ana dab da gamawa aka gano haƙƙin mallakarsa bai ƙare ba. Kondo ya kwana yana aiki, ya ɗauki kiɗan dajin wasan ya sake masa zubi, ya zama na buɗewa. Abin da aka yi cikin ƙurewar lokaci shi ne yau tambarin jerin gaba ɗaya.

Daga baya wasu sun karɓa, shi yana duba aikinsu.

Mece ce okarina, wadda Link ke busawa a wasan Ocarina of Time? Da gaske akwai ta?

Akwai ta. Abin busa ce ta yumɓu, kamar ƙaton dankali mai huji-huji. Irin wadda aka fi sani wani mutumin Italiya, Giuseppe Donati, ya ƙera ta a garin Budrio a 1853, sunan kuma yana nufin 'yar ƙaramar dinya. Muryarta ta fi ta sarewar kara taushi, ba ta da wannan kaifin.

Me ya sa kullum Ocarina of Time kake yabo?

Don shi ne ya ɗauki kiɗa ya damƙa wa ɗan wasa a hannu. Ya fito a Nuwamban 1998 a Nintendo 64. Idan Link ya ɗaga okarina, madannai biyar na fad sun zama sauti biyar: A da madannan C guda huɗu masu ruwan ɗorawa. Waƙoƙi 12 ake koyo. Shida na farko sauti uku ne a maimaita sau biyu. Ta doki, misali: sama, hagu, dama, sama, hagu, dama. Shida na baya, waɗanda ke kai ka haikali daban-daban, suna tsakanin sauti biyar zuwa takwas.

Abin da ya sa na fahimci wasan sosai ba a littafi na same shi ba. Akwai wani dattijo makaɗin kalangu da ke yi wa mahauta kiɗa, yakan ratso ta ƙofar shagona ya ɗan huta a benci. Wata rana wani yaro yana wasa, ya tsaya tsakiyar fili ya busa sauti shidan nan, sai ga Epona, goɗiyar Link, ta taho a guje tana haniniya. Dattijon ya gyara zama ya ce a sake. Aka sake, ta sake zuwa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanga ai take na."

Na ce, "Baba, yi mini bayani."

Ya ce shi ma in ya kaɗa taken wani mahauci a cikin kasuwa, ko mutumin yana bayan rumfa bai gan shi ba, zai tsame hannu daga nama ya ɗago kai, don ya san da shi ake. Sauran ɗari da ke wurin ba ruwansu.

Tun daga ranar da wannan ido nake kallon wasan, kuma komai ya zauna daidai. Waƙar Epona taken goɗiya ce, har saniya in ta ji ta takan ba ka madara in kana da kwalba. Waƙar renon Zelda taken gidan sarauta ce: ka busa ta inda aka zana alamar masarauta, ƙofa ta buɗe, ruwan da ke kwarara ya dare biyu, don an san wanda ya iya ta daga fada ya fito, kamar yadda ba a busa wa kowa kakaki. Waƙar Saria taken zumunci ce, da ita kake magana da ƙawarka daga nesa, kuma ita ce ta sa Darunia, shugaban mutanen dutse, ya manta fushinsa ya kama rawa. Waƙar rana tana juya dare ya koma safiya. Waƙar hadari tana saukar da ruwa ko a cikin ɗaki.

Mutumin da ya tashi yana jin gangar noma a gayya, ya ga yadda kiɗa ke ƙara wa fartanya sauri, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan cewa sauti yana sa abu ya faru. Shi ya sa nake jin haushi in na ga yaro ya haddace kibiyoyi a takarda ya kashe murya. Ya bar abin da ya fi kowa cancantar ganewa.

To in na kashe murya me zan rasa, ban da daɗi?

Hanya za ka rasa. A dajin ɓata, duk fili yana da kogunan itace huɗu masu kama ɗaya, in ka shiga wanda ba shi ba ka koma farko. Wanda waƙar Saria ta fi ƙarfi a bakinsa shi ne hanya.

Sannan kiɗan babban filin Hyrule ba dogon faifai ɗaya ba ne. Guntaye ne na'ura take jerawa tana duban halin da kake ciki. Ka tsaya cak, ya lafa. Abokin gaba ya matso, ya ɗau zafi tun kafin ka gan shi. Haka makaɗin dambe yake yi: idonsa na kan 'yan wasa, hannunsa na bin abin da ya gani.

Kenan Ocarina of Time wasan bin kari ne?

A'a, kuma nan mutane suke cakuɗa abu biyu. A Ocarina jerin sauti ake dubawa. In ka danna su a jere daidai, ko ka ja ko ka gaggauta, wasan zai karɓa. Wasan bin kari kuwa lokaci yake aunawa, sai dannawarka ta faɗi a kan bugu.

Akwai dai ƙananan wasanni a ciki da suka kusa. Yaran daji biyu za su busa maka sauti ka maimaita, su ƙara ɗaya ka maimaita, har layi ya yi tsawo, kamar makaɗi da 'yan amshi. Akwai kuma kwaɗin kogi biyar da kowanne ke da nasa sauti, sai ka yi sauri ka danna na wanda ƙwaro ke shawagi a kansa.

Wane Zelda ne ya fara neman a bi bugu wajen kaɗa waƙoƙinsa?

The Wind Waker, wanda ya fito a Japan a ƙarshen 2002 a GameCube. Nan sanda Link yake riƙewa irin ta mai jagorar taron makaɗa. Wata alama tana kai-komo a saman allo, kai kuma sai ka karkata sandar inda ya dace duk lokacin da ta ratsa tsakiya. Wasu waƙoƙin bugu uku ne, wasu huɗu, wasu shida. Da ta farko kake juya iska ta tura jirgin ruwanka inda kake so.

A Twilight Princess na 2006 Link yana rikiɗa kyarkeci, sai ya yi kuka da murya uku, sama da tsakiya da ƙasa, yana bin tsawon kowace. A Skyward Sword na 2011 wata garaya ce ta zinariya mai tsirkiya da yawa, kana kaɗa hannu hagu da dama daidai da wani haske da ke buɗewa yana tsukewa. Babban kiɗan wannan wasa, in aka juya shi daga ƙarshe zuwa farko, waƙar renon Zelda ce ke fitowa.

Mai wuyar cikinsu Spirit Tracks ne na 2009 a Nintendo DS. Sarewa ce mai bututu jere, kana jan ta da ɗan tsinke a allo kana hura iska a makirfo da bakinka, kana amsa wa wani makaɗi. Shawarata: kashe fanka, ka yi nesa da janareto. Makirfon ba ya bambance numfashinka da iskar ɗaki. Kuma hura a hankali, kamar mai huce koko.

Akwai Zelda da gaba ɗayansa wasan kari ne?

Akwai, Cadence of Hyrule, ya fito a Yunin 2019 a Nintendo Switch. Wani ƙaramin kamfani na Kanada, Brace Yourself Games, ya yi shi bisa tsarin wasansu na 2015, Crypt of the NecroDancer. Danny Baranowsky ne ya jagoranci sake wa tsofaffin kaɗe-kaɗen zubi. Ba kasafai Nintendo ke ba ƙaramin kamfanin waje aron Zelda ba.

Ƙasa a yanke take gida-gida kamar ramukan dara. Duk bugu ɗaya taku ɗaya gare ka. Kai hari ma taku ne, ka nufi inda abokin gaba yake a kan bugu. Su ma dodannin a kan bugun suke motsi, kowanne da tsarinsa: wannan yana tsalle duk bugu biyu, wancan yana ɗaga hannu a na farko ya sauke duka a na gaba. In ka riga bugu ko ka makara, takunka ya faɗi, su kuwa nasu ya tafi. Da ka share fili daga dodanni sai a sake ka, ka yi tafiyarka yadda ka ga dama.

In ana so a gane shi a duba lugude. Mata uku a kan turmi ɗaya, taɓarya uku, rami ɗaya. Kowacce ta san gurbinta a cikin bugun. Ta farko ta sauke, tana ɗagawa ta biyu ta shiga, ta uku ta biyo. Wadda ta gwanance har cilla taɓarya take yi sama ta tafa ta cafe, ba ta ɓata layi ba. Wadda ta riga lokacinta kuwa taɓaryarta ta haɗu da ta 'yar'uwarta, gero ya watse. Ba ƙarfi ke aikin ba, kuma ba a kallon hannun juna, kunne ne ke riƙe da su duka. Ƙanwata da ba ta taɓa damuwa da gem ba ta karɓi Switch ɗina wata Juma'a, ta wuce filin da ya tsare ni kwana biyu. Na lura ƙafarta na buga ƙasa tun kafin ta fara danna komai.

Kunnena ba ya kama bugu. In haƙura?

Kada ka haƙura. Yawanci ido ne ke ruɗa mutum, yana jiran ya ga alama ta iso sannan ya danna, kafin nan bugu ya wuce. Ajiye fad, ka saurari kiɗan kana tafi ko gyaɗa kai har jikinka ya ɗauka, sannan ka ɗauki fad. Yarinyar da ke gaɗa a dandali ba lissafi take yi ba.

In duk da haka ya ƙi, Cadence of Hyrule yana da zaɓin da ke cire tilas ɗin bugu: dodanni ba sa motsi sai ka motsa. Ya koma wasan tunani kamar dara. Ba abin kunya ba ne, kuma shi ya dace da mai matsalar ji.

Ina danna daidai amma wasan yana cewa na kuskure. Me ke faruwa?

Sau da yawa laifin kayan aiki ne. Iyafis na Bluetooth yana kawo sauti a makare, abin da ba ka lura da shi a kallon fim amma a wasan kari ya isa ya kayar da kai. Sa mai waya. Talabijin na zamani ma yana ɗan riƙe hoto yana gyara shi kafin ya nuna, don haka nemi saitin wasa a cikinsa ka kunna. Cadence yana da wurin auna wannan jinkiri, yi shi tun farko. Masu bugawa a waya da emuleta, manhajar da ke kwaikwayon na'urar gem, su suka fi shan wahala, ga jinkirin sauti ga madannan da ba a jinsu a yatsa. Tsohuwar talabijin mai ƙeya kusan ba ta da wannan matsala, dalilin da ya sa ban sayar da tawa ba ke nan.

Gaskiya ne an sa karatun Musulmi a cikin kiɗan wani haikali?

Wannan tambaya iyaye sun fi yi mini ita, kuma tana da tushe. A kaset na farko-farko na Ocarina of Time, kiɗan Haikalin Wuta yana ɗauke da muryoyin maza masu rerawa irin ta zikirin Musulmi. An ciro su ne daga faifan sautuka na sayarwa da masu haɗa kiɗa ke amfani da shi. Nintendo ta cire su a bugu na 1.2 ta sa wasu muryoyi na na'ura, bisa ƙa'idarta ta kauce wa abubuwan addinai na gaske a wasanninta. Haka alamar jinjirin wata da tauraro da ke jikin wata garkuwa da wasu duwatsu, an sauya ta daga bugun GameCube. Wanda aka sake yi wa Nintendo 3DS a 2011 da wanda ke kan Switch duk gyararru ne.

Ra'ayina, cirewar ita ce daidai. Ambaton Allah ba kayan ƙawata kogon dodanni ba ne. Wanda zai sayi tsohon kaset ko ya sauke fayil ya san wane bugu ne a hannunsa.

Majora's Mask fa? Na ji an ce yana da ban tsoro.

Yana da nauyi a zuciya, na yarda. Ya fito a 2000. Wata zai faɗo kan gari cikin kwana uku, kuma da waƙar lokaci kake komawa safiyar farko. Ka busa ta a juye, lokaci ya rage gudu. Link yana sauya siffa, abin kiɗansa ma ya sauya: ƙahoni, ko ganguna, ko jita ta ƙashin kifi. Abin da ya fi kama ni kiɗan garin ne. Ranar farko a natse yake. Ranar ƙarshe ya ƙara sauri, ga wani amo mai duhu yana bin ƙarƙashinsa, waƙar dai ita ce amma hankalinka ba ya kwanciya. Ko ba ka ɗaga kai ka ga watan ba, kunnenka ya gaya maka.

Me ya sa Breath of the Wild shiru ya yi yawa?

Da gangan ne. A wannan wasa na 2017 fili ya yi faɗin da mutum zai yi awa yana tafiya, kiɗa mai ƙarfi zai gundure shi. Sai suka bar iska da tsuntsaye da takun ƙafa, fiyano na ɗigowa jefi-jefi. Link ba ya riƙe abin busa, fito kawai yake yi wa doki. Akwai dai Kass, tsuntsu mai akodiyon, wanda kake jiyo kiɗansa daga nesa ka bi, a waƙarsa kuma akwai kacici-kacici. Wasa ne babba, amma ni ina kewar okarina a cikinsa.

Ban da Zelda, waɗanne wasannin kari zan nema?

PaRappa the Rapper na 1996 a PlayStation shi ya buɗe kasuwar. Konami ta biyo da Dance Dance Revolution a 1998, wanda ake takawa da ƙafa. Taiko no Tatsujin na Namco, 2001, ganga ce ta Japan da sanduna biyu. Donkey Konga na 2003 a GameCube yana zuwa da 'yan ganguna biyu da makirfo mai jin tafi. Guitar Hero ya fito a 2005. In kunne kake son horarwa, nemi jerin Rhythm Heaven, wanda ya faro a 2006, don yawancin wasanninsa ana iya cinsu ido a rufe.

Zan iya ƙirƙirar tawa waƙar?

A Ocarina of Time za ka iya. Sandar fad tana lanƙwasa sauti sama ko ƙasa, madannan Z da R suna sauke shi ko ɗaga shi kaɗan, don haka sauti biyar ɗin nan sun fi biyar a hannun mai haƙuri. Sannan a bakin tafkin Hylia akwai mutum-mutumi da zai ce Link yaro ya busa masa sauti takwas na ƙashin kansa. Bayan shekara bakwai na cikin labari, in ka koma ka maimaita masa, waƙar ta zama taken ɗan'uwansa, ka busa ta a wasu wurare ya ɓullo daga ƙasa ka maƙala ƙugiya a jikinsa ka haye.

Yawancin yara hagu-dama-hagu-dama suke dannawa don kada su manta. Ɗan yayata, yana aji huɗu a lokacin, ya ƙi. Ya yi kusan rabin awa yana gwadawa yana gogewa, yana rera wani abu ƙasa-ƙasa. Da ya gama ya ce, "Kawu, saurara ka gaya mini ko wace ce." Ya busa. Kiran mai tallar nonon da ke ratsa layinmu da hantsi ne, hawa da saukarsa duka, a sauti takwas. Fayil ɗinsa shi ne na biyu a kaset ɗin, kuma na hana kowa goge shi.